Ranar da Na Gyara wa Kogi Hanya

Tun da labarin nan ya riga ya zaga Kasuwar Litinin, har masu keke suna ba fasinjoji shi da ƙarin gishiri, gara ku ji shi daga bakin mai shi. Sunana Tahir, a Lamisula nake zaune, sana'ata sayar da labule da darduma. Ilimina na gini kuwa na kwana uku ne. Wata shekara wani safiyo ya zo auna layinmu, ni na riƙe masa bakin igiyar awo. Tun daga ranar, duk inda aka ɗora bulo kan bulo sai na tsaya na ba da shawara.

Matata Bintu ta gaji fili wurin mahaifinta a wani ƙauye da ake kira Ba'anari, can bayan gari a bakin kogin Ngadda. Kogin ya lanƙwasa a wurin kamar gwiwar hannu, filin kuma yana cikin lanƙwasar. Kwari ne. Da damina ruwa ya kwanta a kai, da rani a dasa albasa. Shekara da shekaru ana kawo mana albasar muna ci muna hamdala, har ranar da tsautsayi ya kai ni wurin da ƙafata, na tsaya a bakin gaɓa na riƙe ƙugu.

Na duba dama, ga kogi a bushe, yashi fari fat yana kwance a banza. Na duba hagu, ga fili yana neman ciko. Na tuna gari ya cika ya batse, mutane na neman inda za su sa haƙarƙarinsu. Sai na ji wani haske ya kunna a kaina.

Ko takalmi ban cire ba da na dawo gida. Na tarar da Bintu tana turara burabusko.

"Bintu, kin san kogin nan naku a karkace yake?"

"Sannu da zuwa dai tukuna."

"Zan miƙar da shi. In yanka masa sabuwar hanya sambal ta bayan filinki, in toshe tsohuwar. Yashin da na kwaso in cike kwarin da shi, in fitar da fuloti arba'in. Gida arba'in, Bintu, har da masallaci da wurin ajiye mota."

Ta rufe tukunya ta dube ni. "Baban Hisham, ƙofar banɗakin nan wata huɗu ke nan kana cewa za ka miƙar da ita."

"Ƙofa aikin kafinta ce. Ni maganar kogi nake yi."

"Babana ya yi shekara sittin a bakin kogin nan, bai taɓa cewa a karkace yake ba."

"Allah ya jiƙan Baba, amma bai taɓa riƙe igiyar awo ba."

"Filin nan shi kaɗai ya bar mini. Ni ban ce na yarda ba, ban kuma ce na hana ka ba."

Na ɗauki rabin maganar da ya yi mini daɗi, na bar mata ɗaya rabin. Kafin mako ya zagayo na karkaɗe fiye da rabin kayan shagona, na sayi hular kwano ruwan ɗorawa irin ta ma'aikatan gini, na nufi Ba'anari.

Wurin mai garin na fara zuwa, Bulama Ba'ana, wani tsoho ɗan siriri da ba ya gaggawar magana. Na kai masa goro da darduma mai laushi. Na durƙusa na zana masa shirin a ƙasa da tsinke, tun daga sabuwar hanyar ruwa har inda liman zai ajiye takalmi. Ya daɗe yana kallon zanen.

"A ƙasa ka yi shi da kyau," in ji shi.

"Alanguburo, ranka ya daɗe, a fili sai ya fi haka."

"To. Filin matarka ne, ba zan hana ka shan wahala a cikinsa ba. Amma ranar da ruwa ya taɓa na wani, ni da kai ne."

Na ce masa ruwan da zai taɓa na wani ba a halicce shi ba tukuna.

Washegari na kafa turaku, kowanne na ɗaura masa jan ƙyalle daga ragowar labule. Tun safe har la'asar ina awo da taku, domin igiyar awon da na saya ta ƙare a fuloti na biyu. Da na dawo da safe, babu turke ɗaya a tsaye. Garken shanu ne a wurin, wata saniya ma tana tauna fuloti na goma sha bakwai. Mai shanun, wani Bashuwe dogo mai suna Abakar, ya jingina da sandarsa yana kallona.

"Malam, shanunka sun cinye mini unguwa!"

"Unguwa? Ina take?"

"Ga ta nan kana taka babban titinta."

Ya ɗaga ƙafa ya duba ƙarƙashinta. "Wallahi ka yi haƙuri, ban ga fitilar hanya ba. Nan burtali ne, ta nan muke sauka kogi tun kakana."

"Daga yau kogin ya tashi daga nan."

"Ya tashi? In ka gan shi ka gaishe shi, ka ce shanu na nemansa."

Na sake kafa turakun cikin fushi, fushi kuwa ba ya awo. Layin ƙarshe ya zarce cikin lambun wata dattijuwa, Ya Mu'mina, wadda gonarta ke daidai inda sabuwar hanyar ruwan za ta ɓulla. Ta fito daga cikin kuɓewarta da fartanya a hannu.

"Kai ɗan nan, me kake dasa mini?"

"Ya Mu'mina, ci gaba nake dasawa. Nan gaba ta tagar bene za ki riƙa kallon kuɓewarki."

"Wata nawa yake yi kafin ya nuna?"

"Wa?"

"Ci gaban. In ya wuce kwana arba'in, cire shi, kuɓewa ta fi shi."

Ta tumɓuke turaku huɗu ta tafi da su. Da yamma na hango hayaƙinsu yana tashi daga murhunta.

Sai maganar kwasar yashi. Ƙanen Bintu, Habib, direban tifa ne. Na lallaɓa shi ya zo da motar da masu shebur shida. Ya tsaya a bakin gaɓa ya ce shi ba zai shiga tsakiya ba, ƙarƙashin yashin nan laka ce.

"Habib, ni na auna wurin nan."

"Da me, Yaya Tahir?"

Na buga ƙafa a ƙasa sau uku. "Ka ji? Kamar kwalta."

Ya shiga. Aka loda mota har ta yi tozo. Ya ba ta wuta, ta yi gurnani, ta ɗan girgiza, sannan ta zauna a hankali kamar raƙumi ya ga masauki. Tayoyin baya suka ɓace. Na ce abu mai sauƙi ne, a kira wata tifar ta ja ta. Aka kira. Na tsaya a gaba da hular kwanona ina ba direban hannu: "Taho, taho, taho!" Ya taho har tasa motar ta zauna kusa da 'yar'uwarta.

Mutanen ƙauye suka fito kallo. Wani mai shayi ya kafa teburinsa a kan gaɓa. Kwana biyu motocin suna nan, ana zuwa daga ƙauyukan kusa ana gaishe su. Habib ya daina ce mini Yaya, ya koma ce mini "mijin Bintu".

A rana ta uku na ɗauko katafila. Mai tuƙa ta wani mutumin kudancin Borno ne, Wilson, mai fara'a, ba ya faɗa da kowa. Ya fizgo motocin kamar ana cire ƙaya. Da na nuna masa inda zai yanka sabuwar hanya, ya sauko ya zaga wurin, ya dawo yana sosa ƙeya.

"Oga, tambaya ɗaya. Ƙauye da hanyar mota suna wannan gefe, ko?"

"Haka ne."

"Fili kuma yana can. In na yanka kogi a tsakaninsu, masu gidajen ta ina za su shiga gida?"

Gaskiya ban yi wannan tunanin ba. Amma mutane na tsaye, mai shayi ya kasa kunne.

"Gada tana cikin kashi na biyu na aikin," na ce.

"Kashi na biyu yaushe ne?"

"Bayan na ɗaya."

"Shi ke nan, Oga. Ni dai haƙa aka ce in yi."

Ya haƙa. Kwana tara yana yanka, Habib yana kwasa yana zubawa a kwari, har filin Bintu ya tashi ya zama tudu. Bakin tsohuwar hanyar kuma muka jibge masa yashi ya toshe. A tsakiyar sabuwar hanyar na sa Wilson ya ƙara zurfi sosai, domin yashin wurin ya fi kyau. Ramin ya tsatso ruwa ya zama tafki. Ba a kwana uku ba matan ƙauye suka mai da shi wurin wanki, suna shanya zannuwa a kan turakuna. Abakar ya kawo shanunsa suka sha suka ƙoshi, ya zo har inda nake ya kama hannuna da hannu biyu.

"Na zage ka a raina, ka yafe mini. Ashe mashaya kake yi mana."

"Wurin shaƙatawa ne na masu gidaje!"

"To ai ga shi suna shaƙatawa," ya ce, yana nuna shanun.

Don masu saye su ga abin da za su samu, na ce a gina gida ɗaya na gwaji, ciki da falo, a ƙoƙon tudun. Magini Mikail ya haƙa tushe ya kai gwiwa, ya kai ƙugu, yashi ne dai ke zubowa. Ya ce sai an kai ga ƙasa mai tauri, ko kuma a bar cikon ya sha damina biyu ya zauna.

"Damina biyu? Mikail, yashi da siminti ba su ne bulo ba?"

"Su ne."

"To gini a kan yashi ai ɗa ne a cinyar uwarsa. Ɗora."

Ya ɗaga hannu sama ya ce jama'a su shaida, sannan ya ɗora. Aka yi rufi, aka shafa fenti kore. Na kwaso labulayen da suka fi kowanne tsada a shagona, masu ruwan zinari, na rataya a tagogi. Wallahi ranar har ƙwalla na yi.

Kafin a gama duk wannan damina ta shigo, amma kogin bai kawo ruwa ba tukuna. Na sa ranar buɗe unguwa. Bintu ta ce in bari ruwa ya zo ya wuce mu ga kamun ludayinsa. Na ce wanda ya yi wa kogi hanya ba ya jiran izinin kogi.

Ranar Asabar da hantsi, sama tas babu ko gizagizai. Na kafa rumfuna biyu a kan tudun, kujerun roba ɗari, da lasifika. 'Yan kasuwarmu suka zo cikin manyan riguna, maƙwabtanmu na Lamisula suka cika keke shida. Duk aka ajiye ababen hawa a gefen ƙauye, aka gangara ta cikin sabuwar hanyar da ƙafa, aka hau tudu. Bulama ya zauna a gaba. Bintu da mata suna rumfa ta biyu. Ya Mu'mina ta ƙi haurowa, ta shimfiɗa tabarma a gaɓar ƙauye ta ce daga nan ma tana gani.

Matsala ta fari kujeru ne. Duk wanda ya zauna, ƙafafun kujerarsa sai su shige yashi. Mai jiki ya fi saurin sauka. Kafin a gama addu'ar buɗe taro, shugaban layinmu na kasuwa gwiwoyinsa sun kai haɓarsa. Na karɓi lasifika na ce wannan alama ce ta ƙasa mai karɓar baƙi.

Na shiga jawabi. Na yi bayanin yadda kogin ya yi shekaru yana yawo a karkace don bai sami mai gaya masa gaskiya ba. Ina cikin cewa, "Da ruwan nan zai zo yanzu, da kun ga biyayya," sai muka ji wani sauti daga kudu, kamar ana zazzage buhun gero. Ashe an kwana ana ruwa a can saman kogin. Ga shi nan tafe, ja wur, yana tura kumfa da karare a gaba.

Ya iso bakin tsohuwar hanya, ya tarar da ita a toshe. Ya ɗan tsaya. Sannan ya juya ya bi sabuwar hanyata, sambal!

Jama'a, ban taɓa jin daɗi irin na wannan lokaci ba, kuma ba na jin zan ƙara. Aka yi kabbara. Mata suka rangaɗa guɗa. Na cire hular kwano na ɗaga sama, na yi ihu a lasifika: "Ina masu cewa ba a yi wa kogi hanya? Ina Wilson? Ina Mikail?"

Wilson yana gefen ƙauye, kusa da Ya Mu'mina. Ya haɗa hannu a baki ya ƙwalo: "Oga! A fara kashi na biyu!"

Sai a lokacin kowa ya lura. Motoci da kekuna suna can, mu muna nan, kogi na tsakani.

"Kada kowa ya damu," na ce. "Za mu zaga ta tsohuwar hanya, ai a bushe take."

Ban rufe baki ba toshiyar ta ɓalle. Yashin da muka yi kwana uku muna jibgewa ya narke kamar sukari a shayi. Ruwa ya rabu biyu, rabi ya bi hanyata, rabi ya bi tasa, suka haɗu a ƙasa suka gaisa. Mutum ɗari da wani abu a kan tsibiri, tsibirin kuma na yashi, ruwa na gatsarsa ta kowane gefe.

Gefen rumfar maza ya fara zaftarewa. Kujeru suka bi ruwa a jere kamar agwagi. Wani ya ce a shiga gidan gwaji a fake, sai Mikail ya tare ƙofa ya ce duk mai son 'ya'yansa ya matsa. Gidan ya yi wata ƙara, ya karkata hagu kamar mai sauraron magana, ya durƙusa, sannan ya kwanta. Labulayena masu ruwan zinari suka fita ta taga suka bi kogi suna walƙiya.

"Kayan da kyau kuwa," in ji shugaban layinmu. "Ko a ruwa ba su zuba ba."

Allah ya taimaka ruwan bai wuce ƙugu ba tukuna. Mazan ƙauye suka shigo suka yi layi, aka riƙa miƙa mata hannu da hannu. Alhazai suka naɗe manyan riguna a ka, suka rungumi takalma. Aka haye da kowa, saura Bulama. Samari suka zo ɗaukarsa, ya ɗaga hannu.

"A'a. Wanda ya haƙa shi zai haye da ni. Ai shi ya san hanyarsa."

Na durƙusa ya hau bayana. Ba shi da nauyi, sai na ji ƙarfin gwiwa ya dawo mini. Mutanen ƙauye suna ta nuna mini inda kowa ya bi, suna cewa in yi dama. Na ce a raina, yau ko ba komai zan nuna musu gajeriyar hanya. Na miƙe sambal.

"Ɗana, dama suke cewa."

"Alanguburo, wurin nan kamar tafin hannuna yake."

Taku na gaba babu ƙasa. Ramin nan ne da na sa aka ƙara wa zurfi. Muka nutse ni da mai gari gaba ɗaya. Na sha ruwa, na taso, na ga Bulama ya riƙe kunnuwana biyu kamar linzami, hularsa ta yi gaba. Muka sake komawa. A tasowa ta biyu na ji igiya ta faɗo mini a wuya da hammata. Abakar ne ya jefo wadda yake kama bijimi da ita. Shi da mutum biyar suka ja mu har gaɓa, ni a ƙasa ina jan ciki, Bulama a sama bai saki kunnena ba.

Da ya sauka ya yi tari, ya matse gemunsa, ya dubi taron.

"Na shekara saba'in da uku a garin nan," ya ce, "yau ne na fara ganin ƙasan kogin. Babu komai a ciki sai wautar mutumin nan."

Dariyar da aka yi har yanzu tana kunnena. Amma ba ita ta fi ci mini rai ba. Bintu na hango a tsaye a gefe, zaninta sharkaf, tana kallon inda filin babanta yake. Ruwa ya cinye rabinsa. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba. Da na matso, cewa kawai ta yi, "A wancan gefen Baba yake zama ya ci abinci in ya gaji." Da mari ta yi mini da ya fi sauƙi. Na cire hular kwanon, wadda duk nutson nan ba ta fita ba, na ajiye a ƙasa, ban sake ɗaukarta ba.

Da ruwa ya janye aka ga inda unguwata ta koma. Tana cikin lambun Ya Mu'mina, gaba ɗayanta, yashi har gwiwa a kan kuɓewa. Bulama ya yanke hukunci a gaban jama'a: in kwashe shi tas, da shebur, da hannuna, kada in kuskura in kawo wani abu mai inji kusa da garinsa. Ragowar filin kuma Bintu ta damƙa wa Habib, da sharaɗin ko inuwata kada ta faɗa ciki.

Wata biyar ina wannan aiki. Da safe shago, wanda ya koma rabin shago, da yamma shebur. Ina kwasa ina tarawa a bakin hanya, Ya Mu'mina tana zaune a inuwa tana nuna mini inda na tsallake. Yashin kuwa ruwa ya wanke shi tas, babu laka babu datti. Masu tifa suka gano shi, ga shi a bakin hanya ba sai sun shiga kogi ba. Suka riƙa zuwa suna ciniki da ita, ni ina loda musu. Da abin ya taru ta sayi siminti, ta kira Mikail ya buga mata bulo da sauran yashin, za ta gina ɗaki biyu.

Ranar da za a fitar da tushe, ta aiko a kira ni. Na zo da shebur a kafaɗa, na tarar da ita da Mikail da dattawa uku.

"Tahir," ta ce, "kai ka san harkar ƙasa. Duba mini wurin nan da kyau. Ina ya fi dacewa in kafa ginin?"

Wata biyar ba wanda ya nemi shawarata ko a kan ɗaurin akuya. Na ji ƙirjina ya buɗe. Na jingine shebur, na zaga filin sau biyu, na durƙusa na murza ƙasa, na buga ƙafa nan da can. Sannan na tsaya a wani wuri mai ɗan gangare, na nuna da yatsa.

"Nan. Ko bene kika ɗora a nan, sai jikokinki sun gaji da shi."

"Ka tabbata?"

"Ko shakka babu."

"Alhamdulillahi," in ji Ya Mu'mina. Ta juya wurin magini. "Mikail, ka ga inda ya nuna? Kewaye shi da ƙaya kada wani ya faɗa. Mu je can mu haƙa."